Guraben da Yaya Ya Bari

Ina tsugune a gindin rumbu ina niƙa koya a kan ɗan dutsen da na gada wurin Baba, sai na ji sallamar maigidana. Hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce yana gonar auduga. Ya tsaya daga nesa, ya dubi hannuna da ya yi jawur, sannan ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Wanke hannu ki zo ɗaki."

Na ce masa saura kaɗan ta yi laushi.

Ya ce, "Bar ta. Wani mai awon hatsi ya zo daga Maska, yana zaure. Allah ya yi wa Malam yayanki rasuwa. Tun jiya aka kai shi."

Na yi salati, na sake yi. Amma hannuna bai daina niƙan ba, sai da ya sunkuyo ya zare ɗan dutsen daga hannuna. Wannan koyar kuwa don Yaya nake niƙa ta. Ƙarshen damina ne, gero ya soma nuna, ni kuma ina shirin zuwansa da kaka.

Koya jar ƙasa ce mai laushi, irin wadda magina ke shafa wa tukunya kafin gashi. A gidanmu da ita ake yin jan tawada. Mahaifinmu marubuci ne a Maska, yana kwafar littattafai da hannu ga malamai da fatake. Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yansa, Yaya da ni, kuma tazarar da ke tsakaninmu babba ce, shi ya sa har Yaya ya bar duniya bai taɓa kirana da sunana ba sai Auta. Baba ya koya wa Yaya baƙi, wato rubutun kansa. Ni kuma na tashi ina niƙa masa koya, ina jiƙa ƙaro, ina tacewa da tsumma. Wata rana Baba ya same ni ina kwaikwayon zayyana a bayan ƙorai da tsinke, ya daɗe yana kallo, ya ce hannun yarinyar nan ba ya rawa. Daga nan ya fere mini alƙalamin gamba siriri ya ba ni ɗan kurtu nawa. Makwabta sun yi magana, wai mace da kurtu. Ya ce musu ja ba ya tambayar wa ya riƙe alƙalami.

Ga yadda aikin yake. Mai baƙi shi ke fara wucewa. Yana rubutu yana barin gurbi, wato fili fari, duk inda sunan Allah ko na Manzo zai zo, da inda sabon babi zai fara. In baƙin ya bushe sai mai ja ya biyo baya. Shi zai cike gurabe, ya sa wasali sama da ƙasa, ya ɗiga ɗigon tsayawa, in akwai wuri a gefe ya yi 'yar zayyana don ido ya huta. Baba yana da nasa kalmomin da ban san ko sauran marubuta na faɗinsu ba. Littafin da ba a sa masa ja ba yakan ce bai sa riga ba tukuna. In tawada ta kama takarda da kyau ya ce ta zauna. In ta bazu ta ratsa ta bayan warƙa ya ce ta yi naso, kuma a wurinsa babu abin kunya kamar naso. Kan babi kuwa yana kiransa ƙofa, don ta nan mai karatu ke shiga. Yakan ce ido ja yake fara gani kafin ya ga baƙi, saboda haka wanda ya yi kuskure da baƙi ya ɓata kalma, wanda ya yi da ja ya ɓatar da mutum.

Yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba a sa ja da damina. Takarda tana shan raɓa ko tana cikin gafaka, ƙaron da ke cikin tawadar kuma ba ya bushewa. Baƙi yakan jure, ja ba ya jurewa. Daga saukar ruwan fari yake rufe kurtun ja ya ɗaure bakinsa, ba a buɗewa sai an yanke dawa. Na ji wannan dokar tun ban san ma'anarta ba, har ta zame mini kamar alwala.

Bayan Baba ya rasu aka kawo ni Tsiga aure. Yaya ya ci gaba da rubutu a zauren gidanmu, in ya tara warƙoƙi ya aiko mini a tadarishi, wato bangon da ake ɗaure warƙoƙi a ciki, ta hannun masu zuwa cin kasuwa, in sa ja in mayar. Aikin ya yi ta raguwa, don a shekarun nan, bayan an samu mulkin kai, littattafan ɗab'i sun cika kasuwar Funtua, ga araha. Yaya bai yi ƙorafi ba. Ya koma ga gonarsa, ya ce dama akwai aikin da ya daɗe yana jiransa.

Aikin shi ne littafin kakanmu. Tarin addu'o'i ne da kaka ya tsinto daga bakin malamansa ya rubuta don amfanin gida. Addu'o'in da Larabci suke, amma ƙofofin da ajami ya yi su, da Hausarmu, don ko mace ta buɗe ta gane: ta mai naƙuda, ta ranar shuka, ta wanda zai ƙetare rafi, ta mai zuwa duba mara lafiya. Littafin ya tsufa, gara ta ci gefe, gefen da ya rage kuma yana marmashewa a hannu. Babban abin shi ne, da kaka ya kusa ƙarshe koya ta yanke masa, sai ya ƙarasa da ruwan karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi. Ranar da aka sa shi ya fi koya kyau. Amma shi rini ne, ba ƙasa ba. Shekaru suka shanye shi, har ya zama a kashin ƙarshe na littafin baƙi na nan daram, ƙofofin kuwa sun tafi, ko inuwarsu ba a gani. Baba ya san su da ka, ya karanta wa Yaya har ya riƙe. Ni ba a karanta mini ba, lokacin ina ƙarama, kuma babu wanda ya ga dalili.

Yaya ya kwashe shekaru yana kwafar littafin a sabuwar takarda mai kauri. Kashin farko da na tsakiya ya aiko mini tare da tsofaffin warƙoƙin, ina duba na kaka ina cike nasa. Wannan bai ba ni wahala ba. Kashin ƙarshe ne ba shi da abin dubawa. Sai dai ya zauna kusa da ni ya faɗa, in rubuta, ya duba, kamar yadda Baba ke yi da mu a zaure.

A tsakiyar daminar shekarar da zai rasu sai ga shi a Tsiga, babu aike, babu sanarwa. Ana tsakar maimai, wato noma na biyu, gidan cike da aikin abincin 'yan gayya. Ya biyo motar kaya zuwa Bakori, ya ƙarasa da ƙafa cikin laka, ya naɗe tadarishin a cikin buzu ya rungume a ƙirji. Na fito na tare shi. Rigarsa ta yi masa yawa, ƙafafunsa kuma sun kumbura har takalmin fatar ya shige cikin nama.

Na ce, "Yaya, me ya fito da kai cikin wannan ruwa? Dubi ƙafarka."

Ya ce, "Ƙiba ce, Auta. Ta rasa inda za ta zauna ta gangara ƙasa."

"Ƙiba a ƙafa, wuya kamar na zalɓe?"

"To ba ga shi na zo gidan masu tuwo ba? In kina jin tausayina ƙaro miya."

Na kawo masa ruwan ɗumi ya wanke ƙafa, na zuba masa tuwon dawa da miyar kuka. Ya ci kaɗan ya ture, ya ce daddawar Tsiga ba ta kai ta Maska ba, ni ma aure ya lalata mini hannu. Muka yi dariya. Yana dariyar yana tari, in tarin ya lafa ya ɗan jingina da bango ya rufe ido.

Washegari da safe, bayan maza sun fita gona, ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakina ya kwance tadarishin. Ya gama baƙin kaf. Na ɗaga warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa na nan yadda na san shi, sai dai can wajen ƙarshe layukan sun soma karkata, guraben da ya bari kuma sun fi na da faɗi, kamar bai yarda da idonsa ba.

Ya ce, "Ɗauko kurtunki. Ni in faɗa, ke ki sa masa riga, in koma da shi a sanye."

Na ce, "Yaya, damina ce fa."

"Na sani. Da ƙafata na tako ta."

"To ka san ba a sa ja yanzu."

"Wa ya ce?"

"Kai ma ka san wa ya ce."

Ya yi murmushi ya ce, "Tsohon nan yana kwance a Maska amma bakinsa yana Tsiga."

Ban so in yi masa gardama da baki kawai ba. Na kwance kurtun, na ɗan tsarma tawadar da ruwa, na ɗauki wani guntun takarda daga cikin nasa na ja layi guda. Muka zuba ido. Kafin a jima layin ya yi gashi ta kowane gefe, da na juya bayan takardar ga jan ya fito. Na miƙa masa. Ya kai ta kusa da idonsa ƙwarai, ya juya ta, ya ce, "Ta yi naso."

Na ce, "Shekara nawa kana wannan baƙin? In ɓata maka shi a wuni ɗaya? Ka bari a yanke dawa. Ka zo da kaka, lokacin gida ya nutsu, in sami sabuwar koya, mu zauna kamar da."

Ya ce, "Kaka ta Allah ce, Auta."

Na ce, "Damina ma tasa ce," ina dariya, don na ɗauka irin zolayar da muka saba ce. Shi ma ya yi dariya. Sannan ya ce to, ya fara jera warƙoƙin yana daidaita bakinsu da tafin hannu.

A nan ne zuciyata ke tsayawa kullum in na tuna. Allona yana rataye a ɗaki, tawadar zuge tana nan a kurtun yara. Ba ruwan allo da damina. Da na ce, Yaya faɗi in rubuta a allo in ajiye, da kafin azahar mun gama. Ko ba allo ma, da ya faɗa mini sau biyu da na riƙe, don kaina a lokacin yana riƙe abu. Shi bai kawo wannan shawara ba, wataƙila don a gidanmu ba a taɓa yin haka ba. Ƙofa daga baki take fita ta shiga gurbinta kai tsaye. Ni kuwa ba zan ce tunanin bai gifta mini ba. Ya gifta, ina kallonsa yana ɗaure tadarishin. Sai na ga in ya faɗa mini yau, ba abin da zai sake kawo shi Tsiga da kaka. Ina son ya dawo. Ina son kwanakin nan da za mu zauna a inuwa, yana faɗa ina rubutawa, yana cewa jelar harafina ta yi tsawo kamar ta ɓera. Tun rasuwar Baba ban sami irin wannan zaman ba. Na tashi na duba tukunya.

Ya bar tadarishin a wurina, ya ce ɗakina ya fi nasa rufi. Maigidana ya nema masa jaki zuwa bakin hanya. Da zai fita ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Ki sami koya mai kyau. Kada ki yi mini irin ta kaka."

Na ce, "Ni da karan dafi? Allah ya kiyaye."

"To madalla. Gaida yaran in sun dawo."

Iyakar maganarmu ke nan.

Koyar na same ta wurin wata tsohuwa Bamagujiya mai ginin tukwane, da ke zaune a wata unguwa bayan gari. Ita ta san ramin da ake haƙo mai kyau, wadda ba yashi a ciki. Duk shekara takan kawo mini curi guda in ba ta gishiri da kanwa. A wannan karon na aika mata tun ruwa bai ɗauke ba. Ta shigo tana ɗingishi, ta dire ƙullin a gabana.

Ta ce, "Ke matar malamai, bana kin yi gaggawa. Ramin cike yake da ruwa, har gwiwa na shiga. In sanyi ya kama ni ke za ki yi mini tofi."

Na ce, "Iya, ai ke ba ki yarda da tofinmu ba."

"Ban yarda ba, amma in kyauta ne ina so. Wai me kuke ta shafa wa takardar nan ja? Ni in na shafa wa tukunya a sha ruwa mai sanyi. Taku fa?"

Na ce mata don mai karatu ya san ta inda zai shiga. Ta ce to Allah ya sa ya san ta inda zai fita. Na ce mata yayana ne zai zo da kaka. Ta ce in ya zo a ce tana gaishe shi, ta taɓa ganinsa, dogo mai kunya.

Wannan curin nake niƙawa ranar da mai awon hatsi ya zo.

Mun isa Maska ana zaman makoki. Zauren Baba cike da maza, ban iya ko leƙawa ba. Na shiga wurin matar Yaya, muka rungume juna. Sai da mutane suka ragu ta ba ni labari. Ta ce tun dawowarsa daga Tsiga bai ƙara zuwa gona ba. Kumburin ya hau har ciki. An yi na gida, an kai shi asibiti a Funtua, aka dawo da shi. Na ce me ya sa ba a aiko mini ba. Ta ce shi ya hana, wai Auta na fama da 'yan gayya, kuma ai mun yi alkawarin zai zo in kaka ta yi.

Na tambaye ta ko ya yi maganar littafin. Ta ce ya yi. Wata safiya ya ce a kira masa wani makwabci da ya iya rubutu, aka je aka tarar ya tafi ƙauye. Da yamma ta tuna masa, ya ce a bari, numfashinsa ba zai kai ba, sai ya ji dama. Tana jin sa wani lokaci yana motsa baki yana lissafa wasu abubuwa a yatsa, ta kama kaɗan, ta ji ya ce ta mai neman abin da ya ɓata, ta ji ya ce ta ranar da aka yaye yaro. Amma ba ta san wacce ke bin wacce ba.

Ta ce, "Bai yi fushi da ke ba, wallahi. Cewa ya yi, yarinyar nan Baba ce sak, ta nuna mini naso a idona."

Na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa. Ni kuwa da ta ce ya yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Da aka yanke dawa na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, inda ya zauna. Koyar ta yi kyau, ban taɓa samun irinta ba, tana sauka a takarda tana zama. Na bi kashin ƙarshe warƙa warƙa. Inda gurbin sunan Allah ne na sa, don wannan ba ya ɓoyuwa. Na sa sunan Manzo. Na yi wasali duka, na ɗiga ɗigon tsayawa, na yi zayyana a gefe irin wadda yake so, mai kama da saƙar faifai. In na iso ƙofa sai in ɗaga alƙalami in tsallake.

Maigidana ya ga abin na damuna, ya ɗauki warƙoƙin ya kai wa wani dattijon malami a Funtua wanda ya yi karatu wurin Baba. Malamin ya riƙe su kwanaki. Ya aiko cewa addu'o'in ingantattu ne, kowa na iya karanta su ya sami lada. Amma abin da kaka ya nufa da kowace, wannan sai wanda aka faɗa wa. Ya ce akwai wadda za ta iya zama ta mai jinya, za ta iya zama ta mai jin tsoro, za ta iya zama ta matafiyi. In ina so zai rubuto mini abin da ya fi zato, in sa, ba laifi.

Na yi masa godiya, ban karɓa ba. Wata rana wata jikata za ta buɗe littafin nan hankalinta a tashe, ɗanta ba lafiya, jan za ta fara gani, kuma za ta yarda da shi. Ba zan sa mata zato a inda ta ɗauka kakanninta ne ke magana ba.

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, da shi nake wannan rubutu, tunda idona ya daina ganin bakin alƙalamin gamba. 'Ya'yana sun sha ce mini in daina ɗora wa kaina, ajali ne, kuma ai na bi abin da aka koya mini. Haka ne. Dokar Baba gaskiya ce, da na sa ja a ranar da ya yi naso. Ba dokar ke hana ni sukuni ba. Allon nan ne da ke rataye a ɗaki.

Littafin yana nan a gafakar Baba, a cikin akwatina. Mata na unguwa sukan zo in buɗe musu ta mai naƙuda ko ta ranar shuka, daga kashin farko. In yatsana ya wuce zuwa ƙarshe sai in ga hannun Yaya ya karkata, ga wasalina ja a kansa, ga fili fari a saman kowace addu'a. Ƙofofin kashin ƙarshe har yau ban sa su ba.